Kafin ki sayi BB kirim ko CC kirim a zafin Sakkwato, tsaya ki karanta wanga

Sati biyu da sunka wuce ƙanwar maigidana ta shigo ɗakina da 'yar robar BB kirim a hannu tana murna, ta ce Anti dibi abin da na samo, mai shagon ta ce min shi kaɗai ya isa, man shafawa ne, fandeshan ne, kariyar rana ce, har tabon kuraje yana gogewa. Na karɓa na juya bayan robar na karanta, na ɗan ɗiga a gefen haɓarta munka fita tsakar gida, wallahi ko minti goma ba a yi ba wurin ya yi toka-toka kamar ta shafa alli, ita kuwa yarinya ce wankan tarwaɗa mai kyan fata wadda ko hoda ba ta cika buƙata ba. Kuɗin da ta tara na wata guda ke nan. Abin ya tsaya min a rai, don ni sana'ata ke nan, ina yi wa amare da ƙawayensu kwalliya a gida nan Mabera, kuma kusan duk sati sai wata ta tambaye ni wai wanga BB ɗin da ake ta talla a Instagram da TikTok ya cancanci kuɗinsa ko a'a. Amsata a taƙaice ita ce eh, ga wasu mata, in sun san mi sunka saya. To bari in bi da ke daki-daki yadda nake bi da masu zuwa wurina.

Mataki na farko, ki san mene ne shi tukuna

BB kirim ba a ƙirƙire shi don kwalliya ba. Wata ƙwararriyar gyaran fata ce a Jamus, Christine Schrammek, ta haɗa shi a shekarun 1960 don masu zuwa wurinta da anka yi wa aikin ɗaye fata, fuska ta yi ja tana zafi, suna buƙatar abin da zai kwantar da ita kuma ya ɗan ɓoye jan. Daga baya ya faɗa Koriya ta Kudu, 'yan fim ɗinsu sunka riƙe shi, sai wajen 2011 manyan kamfanonin Turai da Amurka irin su Garnier da Maybelline sunka fara fitar da nasu, shi ke nan ya cika duniya. Daga nan aka samu CC, wanda aka ce aikinsa daidaita launi, wato inda fuska ta yi ja ko ta yi duhu ya haɗe ta, sannan DD wanda aka fi jingina shi da kariya daga rana da ƙura.

Gaskiyar da nake so ki riƙe ita ce babu wata doka da ta ce ga abin da za a zuba a roba kafin a kira shi BB ko CC, suna ne na talla. Za ki samu BB na wani kamfani ya fi CC na wani kauri, ki samu wani an rubuta man shafawa mai launi kawai amma shi da BB ɗin duk abu ɗaya ne. Dukkansu dai man shafawa ne da anka zuba wa launi kaɗan, wasu da ɗan sinadarin kariyar rana. Ya fi mai zalla rufewa, bai kai fandeshan ba. Don haka daina kallon harufan gaba, bayan robar ne ke da labari.

Kuma wanga tarihin na Jamus da Koriya yana da amfani a gare mu, don shi ne dalilin da ya sa yawancinsu ba su da launinmu. Na Koriya da yawa lamba 21 da 23 ne sunka fi yawa, waɗannan kuwa na fararen fata ne sol, ko 'yar Fulanin da ta fi kowa haske a gidanku sai ta yi sa'a. An daɗe kamfanoni na fitar da kala uku ko huɗu kacal, sai bayan da Fenty Beauty ta Rihanna ta fito da fandeshan kala 40 a 2017 saura sunka farka sunka fara faɗaɗa nasu. Har yau BB yana baya a wanga fanni.

Mataki na biyu, ki tambayi kanki mi kike son ya yi miki

Nan ne mata da yawa ke yin asara. In fatarki lafiya lau take, kawai kina son in za ki makaranta ko ofis ko barka ko gaisuwa fuska ta yi sumul ba tare da an ce kin yi kwalliya ba, to ke aka yi wa shi. Minti biyu kin gama, ba buroshi ba soso, ba nauyi a fuska.

In kuwa tabon kuraje ne baƙaƙe masu yawa, ko baƙin nan da ke fitowa a kumatu lokacin ciki da goyo, ko ƙunar da man bilicin ya bari, BB ba zai rufe su ba, zai dai rage su kaɗan, in kika yi ta lafta shi don ya rufe sai ya taru a layin murmushi da ƙarƙashin ido ya yi dabbare-dabbare. Ke abin da ya fi miki shi ne ki sa shi siriri a duk fuska sannan ki ɗiga konsila, wato man rufe tabo mai kauri, a kan tabon kaɗai. Amarya kuma ko ƙawar amarya da za a yi ta haska wa fitilar kyamara, ni ba na sa musu shi ko an roƙe ni, dalili na zuwa a ƙasa.

Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne magani. Ko da an rubuta yana da niacinamide ko wani sinadarin gyaran fata, sau da yawa ɗan kaɗan ne, kuma abu ne da za ki wanke bayan 'yan awoyi. Kurajen da sunka ƙi ji, masu ruwa ko masu zafi, wurin likitan fata za ki, ki je asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibitin da kika yarda da shi, kar ki rufe ciwo da launi.

Mataki na uku, maganar rana, kuma nan zan daɗe

Mu nan Sakkwato ba sai an ba mu labarin rana ba, watan Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ki fito daga Arkilla zuwa babbar kasuwa a kan kabu-kabu ki ji yadda kumatu ke yi. Akwai masu cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya, eh ba mu cika ƙonewa kamar Turawa ba, amma rana ita ke ƙara wa tabo duhu, kurji ɗaya ya warke ya bar baƙi wata da watanni, tana da hannu a ciki. Shi ya sa lambar SPF da ke jikin robar, wato ma'aunin ƙarfin kariyar rana, take jan hankali, kuma shi ya sa ake yaudarar mu da ita.

Ga yadda lissafin yake. SPF 15 na tare kusan kashi 93 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, SPF 30 kusan kashi 97, SPF 50 kusan 98. Amma wagga lamba ana samun ta ne a gwaji inda ake shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, wanda a fuska ya kai kusan kwatan ƙaramin cokalin shayi, ko ki ce layi biyu cike a tsawon yatsu biyu. To wace mace ce ke shafa BB har haka? Yawancinmu kamar ƙwayar wake muke ɗiga, don in kika sa kwatan cokali fuska za ta koma kamar an yaɓa mata laka. Ke nan kariyar da kike samu ta yi ƙasa sosai da abin da anka rubuta. Kuma ko man kariyar rana na gaskiya ana son a sake shi duk bayan awa 2 in ana cikin rana ana zufa.

Don haka ni dokata ita ce, man kariyar rana daban, mai SPF 30 ko sama, a ƙasa, ki bar shi ya zauna kamar minti goma, sannan BB a sama a matsayin ƙari. In kuɗinki na abu ɗaya ne kawai kuma kina yawan fita, wallahi man ranar za ki saya ki bar BB, hodarki ta da ta isa.

Amma akwai wani alheri guda da launin ke da shi wanda ya kamata in faɗa don adalci. Abin da ke ba waɗannan mayukan kala ana kiransa iron oxides, a bayan roba wani lokaci za ki gan shi da lambobi CI 77491, CI 77492 da CI 77499, wato ja da rawaya da baƙi. Shi wanga sinadari yana tare hasken rana na fili da ido ke gani, wanda man kariya marar launi bai cika tarewa ba, kuma wannan hasken yana cikin abubuwan da ke ƙara baƙin kumatu ga masu duhun fata. Shi ya sa likitocin fata ke ba masu irin wagga matsala shawarar kariya mai launi. Ke nan ga mace mai baƙin kumatu, BB a saman man rana ba ado ba ne kawai, yana da aikin yi.

Tokar da ƙanwar maigidana ta yi kuwa daga zinc oxide da titanium dioxide take, farin gari ne su biyun, suna kare rana da kyau amma in sun yi yawa kuma launin bai kai duhunki ba sai su bar fari-fari, in fitilar kyamara ta haska kuma fuska ta fito daban wuya daban. Na ga hotunan bikin wata 'yar uwata da ta sayo nata a intanet wurin wata mai talla, har yau ba ta son a buɗe su, ta yi kuka ranar da hotunan sunka iso, kuma biki ba a maimaita shi.

Mataki na huɗu, alwala

Wanga babu mai tallar da za ta gaya miki shi. Abin da munka koya a islamiyya shi ne duk abin da ke da jiki wanda ke hana ruwa taɓa fata sai an gusar da shi kafin alwala. BB da yawa, musamman waɗanda anka rubuta ruwa ba ya wanke su ko suna kai awa 12 ko 24, cike suke da silikon, za ki ga dimethicone ko wani suna mai ƙarewa da siloxane a sahun farko na jerin sinadaran, aikinsa ke nan ya yi shimfiɗa a kan fata ruwa ya zame. Hukuncin dai ki tambayi malaminki ko malamarki, ni ba malama ba ce, amma ni ina wanke nawa tas kafin in yi alwala don hankalina ya kwanta.

To yi lissafi da kanki, kin shafa ƙarfe 8 na safe, azahar ta yi kin wanke, awa shida ke nan ko ƙasa, mi za ki yi da na awa 24 da za ki biya kuɗi mai yawa a kansa kuma ki sha wahalar cire shi a bayin ofis? Ki nemi mai sauƙi wanda ke fita da sabulun wanke fuska, in kina so ki sake ɗigawa bayan salla. A nan ma BB ya fi fandeshan dacewa da rayuwarmu, don sake shi ba ya cin lokaci. Mai daɗewar ki aje shi don ranakun fashin salla in har kina sonsa.

Mataki na biyar, zaɓen launi a shago

Kar ki sayi na farko a intanet, ko wace irin rantsuwa anka yi miki. Ki je da kanki da rana, fuska a wanke. Kar ki gwada a bayan hannu, hannunmu ya fi fuska duhu ko haske, balle mu masu hijabi da goshi da kumatu ke shan rana wuya kuma na ɓoye. Ki ɗiga kala biyu ko uku a layin haɓa, ki fita bakin ƙofa da madubi don fitilar shago na ƙarya, sannan ki yi haƙuri minti 15, ki je ki yi sauran cefanenki ki dawo, don wasu in sun haɗu da maiƙon fuska da iska sai su ƙara duhu ko su juya ruwan lemo. Wanda ya ɓace a fatarki har kika rasa inda kika sa shi, shi ne naki.

Ki lura da ƙasan launinki kuma, wata baƙarta na da ja-ja, wata rawaya-rawaya kamar zuma, in kika ɗauki mai ruwan hoda alhali ke mai rawaya ce sai ki yi toka ko da duhun ya yi daidai. Kuma don Allah 'yar uwa kar ki ɗauki wanda ya fi ki haske da gangan wai don ki yi fari, kowa na ganewa, fatar da Allah ya ba ki in ta yi sumul ta fi kyau nesa ba kusa ba. In kin rasa launinki a BB, ki duba fandeshan na kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara da sunka san fatarmu, ki ɗiga ɗigo ɗaya a tafin hannu ki gauraya da man fuskarki, kin haɗa naki ke nan. Kar dai ki gauraya shi da man kariyar rana, yana rage masa ƙarfi.

Mataki na shida, karanta bayan roba

Ana jera sinadarai ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, don haka biyar ɗin farko su ne man. Mai maiƙon fuska ta nemi wanda anka ce ba mai a ciki kuma yana bushewa ba ƙyalli, mai gautsi ta nemi glycerin ko hyaluronic acid. Mai ciki ta kauce wa duk wanda ke da retinol, wasu CC na gyaran tsufa suna da shi. Mai saurin ƙaiƙayi ta guji mai ƙamshi da yawa.

Ki duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshi. Akwai kuma ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da 6M ko 12M a ciki, ma'anarsa wata 6 ko 12 bayan kin buɗe, ko da ranar lalacewar ba ta zo ba.

Wanda ke tayar min da hankali shi ne wanda ake haɗawa a gida a zuba a roba ba suna ba jerin sinadarai, a ce BB ne mai sa haske cikin sati ɗaya. BB na gaskiya ba ya canza launin fata, in kin wanke kin koma yadda kike. Duk wanda ya haskaka ki a kwana bakwai to akwai abin da anka zuba, ko hydroquinone, ko makuri, wato zaiba, da ke lalata ƙoda, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin clobetasol da ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore. Ina ganin irin waɗannan fuskoki a kan kujerata, 'yan mata ƙanana, kumatu ya ƙone, kwalliya ma ba ta zama, zuciyata na ciwo in na gani. Ki aje shi ko kyauta anka ba ki.

Ki duba inda robar take ajiye a shagon ma. Wanda anka baza a tebur rana na dukansa tun safe ya riga ya dahu, in kin matsa ruwa ya fara fitowa kafin man ko yana warin tsohon mai, bar musu kayansu.

Mataki na bakwai, gwaji da shafawa

Kin kawo gida, kar ki yi gaggawa. Ki shafa kaɗan a bayan kunne ko gefen haɓa kwana biyu zuwa uku ki gani, in ba ƙaiƙayi ba ƙananan kuraje sai ki ci gaba. Ki wanke fuska, in hunturu ne ki sa man fuska mai laushi tukuna don BB shi kaɗai ba ya iya wa buɗar Disamba da Janairu, zai bi duk inda ya bushe ya tona shi, amma kar ki sa man kaɗe ko basilin a ƙasansa, zamewa zai yi. In bazara ce kuma fuskarki mai maiƙo ce, man rana kaɗai ya isa a ƙasa. Sai ki ɗiga kamar ƙwayar wake, goshi, kumatu biyu, hanci, haɓa, ki baza da yatsu masu tsabta daga tsakiya zuwa waje, ki ɗan gangara ƙasan haɓa kar a ga iyaka. Hoda kaɗan a goshi da hanci da kuma daidai inda bakin hijabi ke gogawa, ki jira minti biyar kafin ki zura hijabin, in ba haka ba farin hijabinki ya shiga uku, mai niƙabi kuma ta san zai kwashe na hanci da kumatu, ita ban ga amfanin ta sa a can ba.

Zufa in ta zo kar ki goge, ki danna tishu a hankali ki ɗaga. Da dare kuma ko kin gaji kamar mi ki wanke, ƙurar garin nan in ta haɗu da mai da zufa ta kwana a fuska kuraje ne za su biyo baya, sai a ce man ne bai karɓe ki ba. Sabulun salo na fitar da shi amma yana busar da fata da hunturu, ki bi shi da mai.

Batun kuɗi, kar ki kalli farashin roba kawai, ki kalli mililita nawa ce, yawanci 30 ne wasu 50. In ƙwayar wake kike sawa sau ɗaya a rana roba ɗaya za ta kai ki watanni, in kuwa kina sakewa bayan azahar da la'asar ki raba wannan gida biyu ko uku. Wadda sai ranar biki ko suna take kwalliya kar ta saya, zai lalace kafin ta ci rabinsa, fandeshan ƙarami ya fi mata. Ajiya kuma ba a jaka cikin mota ba, ba a bakin taga ba, ni nawa a kwano mai murfi yake kusa da randa inda ɗakin ya fi sanyi.

Ita ƙanwar maigidan nawa mun koma shagon tare amma an ce an riga an buɗe ba a karɓa, sai ta ba wata ƙawarta fara da ya yi wa daidai. Yanzu man rana take sawa da hodarta, mun ce in an yi albashi za mu shiga kasuwa da safe mu gwada kala uku a haɓarta.